Kwamfutar situdiyo tana ɗaukewa da rana tsaka: a ci bashi a sayi sabuwa?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a Daura. Yana da ɗan situdiyo a wani shago, inda yake naɗar waƙoƙin biki da na soyayya da tallan 'yan kasuwa da manhajar FL Studio. Kwamfutar tashi laftof ce ta hannu, Core i5 'yar ƙarni na shida, RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da take kai, giga 4, faifan ajiyarta irin na da. Ya ce tun da zafi ya shigo, da zarar azahar ta kawo jiki sai sauti ya fara tsattsagewa, ta riƙa sanƙarewa, wani lokaci ta ɗauke ɗif ana tsakiyar ɗaukar murya. Akwai kuma wani gurnani da ke shiga cikin naɗin. Makon jiya aikin wata amarya ya ƙi buɗuwa. Ana cikin haka sai na hannun daman wani mai neman takara ya yi mashi alkawarin waƙoƙin kamfen na zaɓen 2027. Abokai na ce mashi ya ci bashi ya sayi sabuwar kwamfuta kafin aikin ya iso, wasu kuma na cewa ya tattara ya koma Kano.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa nema albarka. Shekarata goma sha bakwai ina gyaran kwamfuta a nan Katsina, kuma duk shekara daga Maris zuwa Mayu irin ciwon nan da ka lissafa shi ke cika mani tebur. Kada ka ci bashin nan. Kwamfutarka da sauranta, ciwuka ne suka taru mata, kuma kowanne da maganinshi.

Amma tun kafin a zo maganar gyara, akwai abin da nake so ka yi yau da dare, lokacin da gari ya yi sanyi. Ka nemo faifan ajiya na waje, ko da aro ne, ka kwashe duk ayyukan mutane da ke cikinta. Aikin amaryar nan da ya ƙi buɗuwa shi ya fi tayar mani da hankali a cikin duk abin da ka faɗa. Faifan da ke cikin kwamfutarka, wanda muke kira HDD, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kanshi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. Duk sanda kwamfutar ta ɗauke tana cikin rubutu, abin da take rubutawa yana iya lalacewa. Idan kuma tana kan tebur ɗaya da manyan sifiku, girgizar kiɗan tana taɓa shi. Bayan ka gama kwashewa, ka sa wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Idan ta nuna shuɗi, faifan da lafiyarshi. Idan ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, kwanakinshi sun ƙare, kada ka sake ba shi amanar komai. Kuma kada ka yarda kowa ya ce bari ya yi mata fomatin, wato ya goge komai, kafin a kwashe. Na ga mutane da yawa sun yi kuka a shagona saboda wannan gaggawar.

Shi aikin amaryar, kada ka fid da rai. FL Studio tana ajiye kwafin aiki da kanta lokaci zuwa lokaci a wata jaka mai suna Backup, muryoyin da ka ɗauka kuma suna zaune daban a jakar Recorded. Sau da yawa fayil ɗin da ke haɗa aikin ne kawai ya lalace, muryar tana nan kalau. In ka same ta, sake jera kiɗa wuni ɗaya ne.

Ɗaukewar da take yi da rana, zafi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin kowa, kwamfuta kuwa fankarta zuƙar iska take yi ba dare ba rana. Ƙurar nan sai ta taru tsakanin fankar da wasu siraran haƙoran ƙarfe da iskar ke bi ta fita, ta dunƙule ta zama kamar auduga, ta toshe hanya. Lokacin sanyi ba za ka gane ba. Sai Afrilu ya zo, zafin gari ya kai digiri 40 ko ya wuce, ga rufin kwano, ga bango ka lulluɓe da soso don hana amsa-kuwwa, ga ƙofa a rufe, ka kashe fankar ɗaki don kada ƙararta ta shiga makirfo. A irin wannan ɗakin ko mutum numfashi yake da ƙyar. Idan zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don ta huce, lokacin ne za ka ji sauti na tsattsagewa. In abin ya ƙi sai ta kashe kanta gaba ɗaya. An gina ta ne a haka don kada ta ƙone.

Maganin ba shi da tsada. A kwance ta, a share ƙurar da burushi mai laushi, a hura mata iska, amma mai gyaran ya danne fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Sannan a goge tsohon man da ke tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfen da ke ɗauke zafi, a sa sabo. Man nan bushewa yake yi ya zama kamar alli bayan 'yan shekaru, kuma yawancin kwamfutocin hannu da ake shigo da su ba a taɓa canza masu shi ba. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar dawa ya isa. Ka tsaya a yi a gabanka. An taɓa kawo mani wata da wani ya shafa mata man goge baki a wurin, mai ita kuma ya biya kuɗin gyara cikakke. Bayan an gama ka sa manhajar Core Temp mai nuna zafin firosesa ka riƙa dubawa. In tana zaune ba aiki ta nuna 45 zuwa 55, in tana cikin aiki mai nauyi kada ta wuce 85. Ka ɗaga bayanta da ɗan katako don iska ta shiga ta ƙasa, kada ka ajiye ta kan katifa ko darduma. Ɗaukar murya kuma, har damina ta sauka, ka mayar da ita daga bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan isha'i. Muryar mawaƙin ma ta fi daɗi a lokacin.

Ko an gyara zafin, giga 4 ya yi wa aikinka kaɗan, domin Windows kaɗai tana cinye fiye da rabi. Ka kai shi 8, in da hali 16. Kwamfutocin ƙarni na shida wasu RAM irin DDR4 suke ɗauka, wasu DDR3L, don haka ka je da ita kasuwa a gwada, kada ka aika a sayo. Tsohon faifan kuma a musanya shi da SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinshi. Na da yana karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD kuwa wajen 500, kuma girgiza ba ta damunshi. Wannan canjin shi ne wanda za ka ji a jikinka tun ranar farko. Sai dai jabu sun yi yawa, musamman filashi da faifan waje da ake rubuta masu girman da ba su da shi. Manhajar H2testw tana cika faifan da bayanai ta sake karantawa, ta tona asirin na ƙarya. Ka gwada kafin ka zuba aikin mutane.

A cikin FL Studio ɗin ma akwai saiti. Ka tabbata direban sauti na ASIO kake amfani da shi. Lokacin ɗaukar murya ka sa bafa, wato yawan sautin da kwamfutar ke tarawa kafin ta fitar, a 256, jinkirin da mawaƙi zai ji bai kai kashi shida cikin dubu na daƙiƙa ba. Lokacin haɗa sauti ka ɗaga shi zuwa 1024, kwamfutar ta samu sarari.

Gurnanin da ke shiga naɗi, gwajinshi minti ɗaya ne. Ka sa hedifon, ka buɗe makirfo, ka zare caja. Idan ya ɗauke, daga wuta yake. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar ce kake ji idan caja jabu ce, ko wayarin shagon ba shi da wayar da ake binnewa a ƙasa, ko kana kan ƙaramin janareta, ko inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul. Caja ta asali tana da nauyi a hannu. Ka nemi ta asali ko da ta hannu ce, ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, domin jabun caja na daga cikin abin da ya fi kashe madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, a garuruwanmu. Wayar makirfo ta kasance mai haƙori uku, kada kuma ta kwanta jere da wayar wuta. In batirinka na riƙe ko da minti arba'in ne, ɗauki muryar a kan batir, ka mayar da caja in an gama. In ka ga batirin ya kumbura har yana ɗaga wurin linzami, a cire shi ranar, yana iya kamawa da wuta. Janareta kuma, ka bar shi ya daidaita kafin ka jona, ka zare kafin ka kashe, kada ka bari mai ya ƙare mashi kana jone. Wannan tarin da yake yi in mai ya kusa ƙarewa, wutar hawa da sauka take yi.

Akwai wata magana da na san ba za ta yi maka daɗi ba. Ban tambaye ka ba, amma a cikin kwamfutocin situdiyo da ke zuwa hannuna da wuya in ga wadda manhajarta ba ta sata ba ce, wadda ake ce wa kirak. Kafin ta shiga sai an ce ka kashe mai gadin kwamfutar, kai da hannunka. Wani mai ɗaukar hoto ya taɓa zuwa mani da hotunan bukukuwa na wata uku, duk an kulle su, kowane fayil an liƙa mashi wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunanshi. Ƙwayar cutar da ake kira STOP ko Djvu ce, wadda ta kirak take yaɗuwa. Masu ita dala 980 suka nema, suka ce in an biya cikin awa 72 za su karɓi 490. Ban iya ceto mashi komai ba. Na ga dattijo da gemunshi yana share hawaye, yana tunanin da wane ido zai kalli iyayen amare. Na san tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya zama dutse. Duk da haka akwai hanya. Manhajar naɗar sauti ta Reaper dala 60 ce ga ƙaramin mai sana'a, kuma ana ba ka kwana 60 ka gwada ta cikakkiya. Wata kuma, Audacity, kyauta ce. FL Studio ɗin kanta in ka saya sau ɗaya, sabuntawarta kyauta ce har abada. Kai ma ka san zafin da kake ji in ka ga waƙar da ka kwana kana haɗawa ana tura ta a wayoyi a bakin kasuwa, ko sisi bai shigo hannunka ba. Wancan ma haƙƙin wani ne.

In ba ka da halin saye yanzu, to ka raba kwamfutar da intanet kwata-kwata. Dama Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga ƙarni na takwas take farawa, taka ba ta ciki. Kada ka bari a cusa mata ita ta ƙarfi. Ta zauna a matsayin injin situdiyo, turawa da saukewa ka yi da waya. Filashin mutane kuma kada ya shiga jikinta kai tsaye, nan ne cutar nan mai mayar da jakunkuna gajerun hanyoyi take shigowa.

Ka riƙe wannan da kyau: kwamfuta ana sayen wata, muryar da amarya ta biya aka rera mata ranar kamunta ba a sake samun irinta. Kowane aiki ya kasance yana wuri uku. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ke kwana a gida ba a shago ba, saboda gobara da ɓarawo da yoyon damina, ɗaya kuma a intanet. Google Drive na ba da giga 15 kyauta. Waƙar da aka gama a tsarin sauti na WAV tana cin wajen mega 10 a kowane minti, ka ga ta minti biyar mega 50 ce, wurin zai ɗauki ɗaruruwa. A garinku aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, kuma abin da jikokinmu za su ji nashi shi ne abin da wani ya naɗa, wani kuma ya adana.

Batun waƙar kamfen, ni ba na ƙyamarta. Tun zamanin NEPU da NPC ake siyasa da waƙa a ƙasar nan, sana'a ce kamar kowace. Abin da nake ƙi shi ne cinikin biri a sama. Na ga zaɓen 2015, na ga na 2019, na ga na 2023, kuma bayan kowanne sai masu buga fasta da masu situdiyo da masu hayar lasifika su biyo ta shagona suna neman wanda zai sayi kayansu su biya bashi. Wanda ya yi maka alkawarin nan ba shi ne mai takarar ba. Mai takarar ma bai san ko zai tsallake zaɓen fid da gwani ba. In ya faɗi, wa za ka bi? In ya ci, ganinshi ma sai ka yi sa'a. Saboda haka rabin kuɗi a hannu kafin ka kunna kwamfuta, a rubuta a takarda da shaida. In ka gama ka ba su su ji da tambarin muryarka yana ratsawa a ciki, cikakkiyar kuma sai ranar da cikon kuɗi ya shigo. Mai niyyar biya ba zai ji haushin wannan ba. In kuɗin ya zo, a cikinshi za ka sayi kayan aiki.

Kuma don Allah kada ka yi zagi. Yabi naka, faɗi abin da ya yi in ya yi, ka tsaya nan. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta haramta kalaman cin mutunci a kamfen, amma ni ba doka ce ta fi damuna ba. Daura ba ta da girman da za ka ɓuya. Wanda ka ci wa mutunci, ƙanwarshi na auren ɗan unguwarku, za ku haɗu a jana'iza, za ku haɗu a sahun Juma'a. Su manyan, bana suna jam'iyya daban, baɗi ka gan su a mota ɗaya suna dariya, waƙarka kuwa tana nan a wayoyin mutane da muryarka da sunan situdiyonka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Tunda har mun zo nan, bari in faɗi ra'ayina kan waƙoƙin da kuke yi, a matsayina na mai saurare. Ba na cikin masu cewa waƙar zamani hayaniya ce. Akwai yara masu fasaha da azanci da in suka jera baiti sai tsigar jikina ta tashi. Abin da ke damuna shi ne muryoyin sun koma iri ɗaya. Auto-Tune tun 1997 aka fito da ita don gyara ɗan kuskuren murya, mu kuma muka murɗe ta har ƙarshe, mace da namiji, yaro da babba, duk sauti guda, a kan kiɗan fiyano guda. Wannan tulin kayan gyaran murya da kuke ɗora wa kowane layi shi ma yana daga cikin abin da ke dafa firosesa. Kai kuwa kana zaune a garin da ke da masu kalangu da kotso da algaita da gurmi, waɗanda duk Sallar Gani ake jin su. Ka gayyato ɗaya, ka biya shi, ka sa mashi makirfo. Kiɗan da aka naɗa da hannu bai kai na cikin manhaja nauyi a kan kwamfuta ba, kuma wanda ya ji waƙar zai san daga inda ta fito.

Wannan ne ma ya sa ban goyi bayan komawa Kano ba, aƙalla ba yanzu ba, ba kuma saboda kwamfuta ba. Na zauna Kano na koyi aiki, na san albarkarta. Amma a wajen Zoo Road situdiyo na jikin situdiyo, ga kuɗin haya, ga waɗanda suka riga ka da shekaru da manyan kaya. Can kai baƙo ne. A Daura duk mai aurar da 'ya ya san shagonka, ga ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya da na jami'ar sufuri da suka ƙaru a garin, ga mutanen Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, ga na ƙetaren iyaka ta Kwangwalam. Ban ce zaman ƙaramin gari ba shi da ciwo ba. Ɗan'uwa zai sa ka aiki ya ce ai kai na gida ne, ka kasa buɗe baki ka tambayi kuɗinka. Wani zai kira ka maroƙi a bayan idonka. Ƙaramin abu ya lalace sai ka yi tafiya kafin ka samu. Ni ma ina fama da irin wannan har yau. Abin da ya taimake ni shi ne rubuta farashi a allo na kafe a bango, kowa ya shigo ya gani, in zan yi ragi in yi da bakina. Kano kuma ka riƙa zuwa, ka yi mako biyu ko uku wurin wanda ya fi ka iya haɗa sauti, ka sayo kaya, ka dawo.

Ranar da kuɗinka na kanka ya taru, sai a yi maganar wata kwamfutar. Ni a ɗakin situdiyo na fi son ta tebur, domin fankokinta manya ne, cikinta da fili, duk abin da ya lalace ana cire shi a sa wani, sai dai dole ka haɗa mata da UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta, saboda ɗaukewar wuta. In laftof ce, ka nemi irin waɗanda ake yi wa ma'aikatu, daga ƙarni na takwas zuwa sama, RAM giga 16, da SSD. Ka duba kada a ce akwai kalmar sirri a BIOS, wato saitin da kwamfuta ke fara tashi da shi, ka gwada kowace kafa, ka bar ta tana aiki mai nauyi na rabin awa a gaban mai sayarwa kana kallon zafinta.

Ita wannan ta yanzu, in an share ta an canza man amma ta ci gaba da ɗaukewa har da sanyin safiya, to abin ya kai ga madabod, sai an auna. In ba ka samu wanda ka amince da hannunshi a nan ba, Katsina tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, ka taho da ita tare da cajar da kake amfani da ita, domin ita zan fara aunawa. Amaryar kuma ka kira ta yau ka gaya mata gaskiyar abin da ya faru, ka ba ta ranar da za ka kai mata. In ka sa CrystalDiskInfo ɗin ka sanar da ni kalar da ta nuna.